Amsa ga mai Corolla da wutar eyabag ta ƙi mutuwa

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya tsare hanya. Na karanta bayaninka. Ka ce Corolla ce ƙirar 2006, kana jigila da ita tsakanin Gumel da Maigatari, wani lokaci har Kano. Wutar eyabag, wato jakar iska da ke buɗewa idan an yi karo, ta kama ta zauna a dashbod, an cire kan batir an mayar ba ta mutu ba, an sa kwamfuta an goge ta ɗauke, kafin ka isa gida ta dawo. Yanzu wani ya ce a cire ƙwan a huta, wani kuma ya ce birenbos ne, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa jakar, ya lalace, a sayo wani. Ni aikin wayarin mota nake yi a yankin Haɗeja, irin wannan matsalar kuma tana zuwa mana sosai, musamman a motocin haya. Shawarata ita ce kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun nan tukuna.

Duk lokacin da ka murɗa makulli, wutar nan tana kamawa kimanin daƙiƙa shida. A wannan ɗan lokacin birenbos ɗin eyabag, wanda daban yake da na inji, yana tura 'yar ƙaramar wuta ta kowane layi yana aunawa: layin jakar sitiyari, na jakar fasinja, na abin da ke tsuke bel idan an yi karo, da na sansa-sansan gaba masu jin karo. Idan komai daidai ne sai ta mutu. Idan layi ɗaya ya katse, ko ya haɗu da wani, sai ya rubuta lamba ya ajiye, ya bar wutar a kunne. Muddin tana kunne, ba ka da tabbacin jaka za ta buɗe ranar da ake buƙatarta. Wanda ya cire ƙwai ko ya liƙe shi da baƙin salatif bai gyara komai ba, ya dai hana motar faɗa maka abin da ke damunta. Cire kan batir ma ba ya goge irin wannan lambar a yawancin motoci, shi ya sa bai yi maka aiki ba.

Inda aka yi maka gajeren aiki shi ne wajen kwamfutar. An goge, amma ba ka ce an faɗa maka lambar da ta fito ba. Ita lambar ce gaba ɗayan maganar. Ka koma a sake sa wa motar kwamfuta, ka tsaya a kai, ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin a taɓa maɓallin gogewa. Ka kuma tabbatar kwamfutar mai shiga sashen eyabag ce. Ƙaramar nan da ake haɗawa da wayar hannu galibi inji kawai take karantawa, lambobinta da harafin P suke farawa. Na eyabag da B suke farawa. A Toyota, idan ka ga B0101 ko B1801, gwargwadon shekarar motar, layin jakar direba ne ya katse. Idan B1000 ce, birenbos ɗin ne ke cewa cikinsa ya sami matsala. Ka ga tsakanin waɗannan biyun akwai kuɗi mai yawa, kuma ba wanda zai iya bambance su da ido. Idan babu mai irin wannan kwamfutar a kusa da kai, kuɗin man zuwa Dutse ko Kano bai kai kuɗin birenbos ɗin da za ka saya a banza ba.

Dawowar da wutar ta yi ma tana da amfani, in ka lura da lokacin da take dawowa. Wadda ta dawo nan take da murɗa makulli, layin a katse yake ɗungurungum. Wadda ta bari sai an shiga gargada, ko an ja kujera gaba ko baya, wannan soket ne ke motsi. Wadda ke kamawa lokacin da aka karya kwana har sitiyari ya ƙure, bayan sitiyari za a duba. Taka ta bari sai da ka yi tafiya, don haka ni ƙarƙashin kujera zan fara leƙawa.

Kowa ya san yadda ƙarƙashin kujerar motar haya yake ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari: jak, galan, silifas, igiyar ɗaure kaya, ga fasinjan baya yana cusa ƙafa har ciki, ga mutum biyu a kujerar gaba. A nan kuwa wayoyin eyabag suke, cikin rawaya, tare da soket ɗinsu. Sau da yawa zan haska tocila in tarar da soket ɗin ya fita daga mariƙinsa yana reto, ko ƙarfen da kujera ke gudu a kai ya danne wayar ya ci rabinta. Wani lokaci a waje lafiya lau yake, sai an buɗe a ga bakin ƙarafan ya yi kore saboda danshi, ko ƙurar hunturu ta cika shi ta daskare.

Kafin a taɓa duk wata waya mai launin rawaya, a zare makulli, a cire baƙin kan batir, a jira. Toyota sun ce aƙalla daƙiƙa 90, Honda minti uku, domin birenbos ɗin yana riƙe wuta a cikinsa ko da an cire batir. Ni nakan bar shi ya fi haka, ba abin da zai ragu. Soket ɗin makulli biyu gare shi, sai an saki na farko sannan ya fito, kada a finciko shi da filaya. A fesa masa man wanke soket na gwangwani, a bar shi ya bushe, a mayar har a ji ya ce ƙas, sannan a ɗaure wayar yadda ba za ta yi reto ba. Ban da fetur, ban da giris. A cikinsa akwai wani ɗan siririn ƙarfe da ke haɗe bakin wayoyin biyu da zarar an cire shi, don kada jakar ta fashe a hannun mai aiki. Idan yaro ya cusa sukundireba ya lanƙwasa shi, ya jawo maka sabuwar matsala. Kada kuma a murɗa makulli alhali soket na cire, nan take zai rubuta wata lambar.

Abin da nake roƙon duk rewayan da zai yi maka aiki: kada ya soka testa mai ƙwai a waɗannan wayoyin, kada ya ɗora mita a kan jakar kanta. Mita wuta take turawa don ta auna, abin da ke kunna jakar kuma wuta kaɗan yake jira. Jaka tana fitowa da gudun da ya kai wajen kilomita 300 a awa, fuskar mutum kuwa tana kusa da ita idan yana aiki. Wayar da ta tsinke ma ba a murɗa ta da hannu a naɗe da salatif irin na fitilar baya, saboda awon layin ƙarami ne ƙwarai, wajen om biyu zuwa uku a ma'aunin mita, haɗi mai rauni kaɗai ya isa ya sa wutar ta dawo.

Sai ka tuna ko an taɓa cire kujerar fasinja, wajen masu ɗinkin kujera ko wajen wanki. Corolla ta wannan shekarar da aka shigo da ita daga Amurka tana da ma'aunin nauyi a kujerar, shi ke gaya wa birenbos ko babba ne a zaune ko yaro. Idan aka cire aka mayar, sai an sake saita shi da kwamfuta, kujerar ba kowa a kai. Motoci da yawa daga ɗinki suke fitowa da wutar nan.

Na biyu a yawan faruwa shi ne kulok-sifirin, wato naɗin waya da ke bayan sitiyari. Waya ce mai faɗi, naɗe cikin gidanta kamar tef ɗin awo na magina, tana warwarewa tana naɗewa duk sanda ka juya. Ta nan wutar jakar direba da ta oda suke bi. Ka gwada danna oda sitiyari na miƙe, sannan ka juya dama ka danna, ka juya hagu ka danna. Idan tana yi a wani wuri tana ƙi a wani, ka sami ɓarawonka. Amma oda na iya yin lafiya alhali layin jakar kaɗai ya tsinke, shi ya sa nake nanata lamba. Tsufa na tsinka ta, sai dai abin da ya fi kashe ta a garejinmu shi ne canjin rak, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba. Bakanike zai kwance sandar sitiyari daga ƙasa, wani ya jingina ko yaro ya wulwula sitiyarin, a ɗaure a haka. Ita kuwa juyinta duka kusan biyar ne, biyu da rabi kowane ɓangare. Kwanar farko da aka ƙure sai ta tsinke. Idan an yi maka aikin ƙafa ko na sitiyari dab da fitowar wutar, ka faɗa wa mai dubawa.

Idan ita ce, sabuwa tana zuwa da ɗan makullin roba da ke riƙe ta a tsakiya, ba a zare shi sai an ɗora. Ta hannu da za ka samo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba ta da shi, sai a juya ta a hankali har ta tsaya, a dawo da ita biyu da rabi, a daidaita alamun da ke jikinta, tayoyin gaba kuma su kasance a miƙe. Jakar da aka ciro daga sitiyari a ajiye ta fuskarta na kallon sama, nesa da inda ake walda.

Maganar birenbos tana da wurinta. A ƙasa yake zaune, a tsakiyar mota, wajen gindin giya. Duk motar da ruwa ya kwanta mata a kafet yana cikin haɗari. Bayan ambaliyar 2022 da ta ci yankin Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa, motocin da suka tsaya cikin ruwa ko suka ƙetare shi da yawa sun zo da wannan wutar, wasu sai bayan watanni, lokacin da tsatsa ta gama cin soket. Masu wankin mota da ke cusa tiyo cikin mota su ma suna yin wannan ɓarnar. Ka ɗaga kafet ka matsa soson da ke ƙasa, ka shinshina. Idan da danshi ko warin ruma, ko ka ga laka busasshiya a wurin da bai kamata ba, a ciro birenbos ɗin a duba. Wanda ruwa ya shiga cikinsa ba a shanya shi a mayar, canja shi ake yi, kuma lambar jikinsa dole ta zo daidai da ta tsohon. Wanda aka ciro daga motar da jakarta ta riga ta fashe yana ɗauke da tarihin karon a cikinsa, in ka ɗora shi wutar ba za ta mutu ba.

Batir kuma a auna shi, aikin minti ɗaya ne. Mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 mota na kashe, 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki. Wutar batir da ke faɗuwa lokacin tayarwa tana iya sa a rubuta lamba. A leƙa bayan bamba a ga sansa-sansan gaba, in an taɓa bugun dabba ko an yi aikin fanel bita a wurin. Tunda kuma kana ɗaukar gero da gyaɗa da kaka, ɓera mai cin waya ma ba a cire shi daga lissafi.

Akwai abin da ba kowa ke son ji ba. Da yawa daga cikin motocin da ke shigo mana ta Kwatano da Legas an sayo su ne a gwanjo, wasu bayan sun yi hatsari jakarsu ta fashe. Maimakon a sa wata, sai a liƙe murfin, a soka 'yar rezista, wata 'yar na'ura mai kwaikwayon awon jakar, a soket don birenbos ya ɗauka jaka na nan. Ranar da rezistar ta saki, wuta ta kama. Wasu ma haɗa ƙwan suke yi da na fitilar mai, ya riƙa mutuwa da zarar inji ya tashi. Wannan gwajin na masu shirin sayen mota ne: ka murɗa makulli kada ka tayar, ka ƙirga. Wutar gaskiya za ta mutu da kanta bayan 'yan daƙiƙu ko inji bai tashi ba. Idan aka buɗe sitiyarinka aka tarar da rezista, gara ka sani da ka yi ta tuƙi kana zaton akwai kariya. Ni ba na sa ta, ko mai mota ya roƙa, domin mutanen da kake ɗauka ba su san me ke cikin dashbod ba, amana suka ba ka.

Tunda motarka tana cikin Corolla na 2003 zuwa 2008, ka kwafi lambar jikinta mai harufa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba, a duba maka a shafin hukumar NHTSA ta Amurka ko an canja mata jakar kamfanin Takata ta ɓangaren fasinja. Waɗannan jakunkunan an janye miliyoyinsu saboda zafi da danshi na lalata sinadarin cikinsu, wutar dashbod kuma ba ta nuna wannan matsalar.

Kafin a gyara, motar za ta yi tafiyarta, inji ba ruwansa. Ka ɗaura bel, wanda ke gaba ma ya ɗaura, yara su koma baya, ka rage gudu. In an gama aikin kada ka biya ka tafi don kawai wuta ta mutu a gareji. A goge lambar, a kashe a kunna, a ƙure sitiyari dama da hagu, a ja kujerun gaba da baya, ka ɗauki mai gyaran ku shiga hanyar burji ku dawo, a sake sa kwamfuta a ga ba abin da ya fito. Ka turo hoton lambar idan an karanta, ka haɗa da amsar ko odarka na yi a kowane juyi da ko an taɓa cire kujera, in sha Allahu zan gaya maka wurin da za a fara kwancewa.