Amsa ga yaron shago: abin da ke kashe motarka da zarar ta taɓa ƙasa

Ka ce ƙaramar motar da ka haɗa, wadda kake tuƙawa da wayar hannu, tana juya tayoyinta lafiya lau idan ka ɗaga ta sama, amma da ka ajiye ta ƙasa ka danna gaba sai fitilar Arduino, wato ɗan allon da ke sarrafa motar, ta ƙifta, Bluetooth ya yanke, don haka kana so in duba maka umarnin kwamfuta da ka rubuta wa Arduino. Ba zan duba ba, yaro, domin umarnin ba shi da laifi. Ku 'yan yanzu da abu ya ƙi sai ku ruga intanet ku kwafo rubutun wani, alhali ga mitar awon wuta nan rataye a bango ƙura ta rufe ta.

Na ga abin da ka ɗaure a bayan motar, batir mai kusurwa huɗu na bolt 9, wanda aka yi domin mita da makirufo. Ƙananan injinan nan masu ruwan ɗorawa da ke juya tayoyi ba sa jan wuta sosai idan taya tana juyawa a iska, amma a lokacin da za su tayar da nauyin mota daga tsaye sukan ja ninkin-ba-ninkin haka. Batirin ya kasa, wuta ta faɗi, Arduino ya mutu ya sake tashi. Ga shi kuma L298N, allon da ke kai wuta daga batir zuwa injinan, yana cinye kusan bolt 2 kafin saura ya isa ga taya.

Wannan maganar ta batir ita ce ta haɗa ni da wani mai makarantar kuɗi a nan Gusau, kuma har yau ban huce ba. Ya zo mini da babbar riga yana son motar da za a nuna wa iyaye ranar bikin yaye ɗalibai. Muka yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami wanda ko kuɗin kaya bai kai ba, na cika da nawa na sa aka aiko mini da su daga Sabon Gari a Kano. Na sa mata batir biyu masu caji irin 18650 da na ciro daga tsohuwar kwamfutar cinya, bayan na gwada kowanne. Motar ta yi ta zagaye shagon nan a gabansa, tana hawa tabarma tana sauka, yana ta dariya. Da ya ga tabon dalma a bakin batiran sai ya yamutsa fuska, wai makarantarsa ta fi ƙarfin kayan gwanjo. Na yi masa bayani har na gaji, ya ce ya ji.

Ashe da ya koma sai ya cire nawa, ya sayo sababbi masu ƙyalli da aka rubuta wa 9900 mAh, wato yawan cajin da wai suke ɗauka. Batir na gaskiya mai wannan girma, ko na Samsung ko na Panasonic, wajen 3500 mAh yake tsayawa, nauyinsa kuma kimanin giram 45 ne. Ranar biki motar ta ɗan matsa gaba ta tsaya cak a gaban iyaye. Da la'asar sai ga shi a ƙofar shago yana ɗaga murya, maƙwabta na ji, yana kirana macuci. Na ɗauki batirinsa ɗaya na ji shi sakayau a hannu, na yanka shi da filaya a gabansa, sai ga ɗan mitsitsin batir a ciki, sauran wurin an cike da gari. Ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗauki motar ya tafi, cikon kuɗina bai biya ba, batiraina bai maido ba, daga baya kuma na ji ya mayar da su ciki ana nuna motar a matsayin aikin ɗalibansa. Na bar shi da Allah.

To, ka samo 18650 biyu na ƙwarai ka jera su kai da gindi, za su ba ka bolt 7.4, ko 8.4 idan sun cika. Ka kai su L298N, ka tabbata ka haɗa negatif ɗinsa da na Arduino. Kada ka bari ɗaya daga batiran ya sauka ƙasa da bolt 3, kada ka caja su da abin da ba nasu ba, kuma kada ka bar su a rana ko kusa da kwanon rufi a zafin watan Afrilu. Zancen haɗa HC-05, wato ɗan allon Bluetooth, da waya da zare igiyoyinsa kafin loda umarni ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya kwana biyu a shagon nan ya san shi.

Ka ɗora mita a kan batiran motar tana ƙasa tana ja, ba tana hutawa ba, ka rubuto lambar da ta nuna ka kawo mini gobe da safe. Idan ta haura bolt 7 kuma Bluetooth yana ci gaba da yankewa, sa'annan zan zauna in duba umarninka.