Amsa ga ɗan'uwan da ke shirin zagaya wurare uku a Alps cikin mako guda

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya: kwana 7, kai da abokanka biyu, kuna son zuwa wasan zamiya kan dusar ƙanƙara (ski) a duwatsun Alps na Faransa, ku fara da Chamonix, ku gangara Val Thorens, ku ƙarasa a Tignes, a watan Fabrairu, kuma kana tambayar yadda za ku raba kwanakin. Wallahi ina karantawa gwiwata ta dama ta motsa. Irin wannan lissafin na yi shekarar da na fara hawa, sai da na gane kallon kitse nake wa rogo.

A taswira kamar ka miƙa hannu ka taɓa su. A mota kowane sauyi rabin yini ne: ku sauko daga dutse, ku bi kwari, ku sake hawa, ku mai da takalman haya ku karɓi wasu, ku sake layin sayen katin hawa, wato tikitin na'urorin da ke haurar da mutane saman dutse. Ga gidajen haya yawancinsu Asabar zuwa Asabar ne a lokacin hutun makarantu, ba mai ba ka kwana biyu cikin daɗin rai. Chamonix ma kanta ba a haɗe take ba, Brévent daban, Grands Montets daban, Les Houches daban, bas ake shiga a tsakani. In kuna son ganin wurare da yawa, ku ajiye jaka wuri ɗaya a Trois Vallées, wato kwaruruka uku da hanyoyin zamiyarsu ke haɗe. Kati ɗaya ya ishe ku Courchevel da Méribel da Les Menuires da Val Thorens, hanyoyin zamiya kusan kilomita 600, ba za ku gama su a mako ba ko da aljanu ne ke tura ku. Ko La Plagne da Les Arcs, da aka haɗe da babbar motar igiya mai hawa biyu, Vanoise Express.

Amma nan ma akwai tarko, kuma ni na faɗa.

Mun sauka a Les Menuires ni da wani ɗan garinmu da ba zan kira sunansa ba, wasu a nan sun san shi. Shi ya jima a Grenoble, ya iya ƙwarai. Ni kwana uku ke nan da ɗaura allunan zamiya a ƙafata, shuɗiyar hanya ma, mai sauƙi, da addu'a nake sauka. Ya ce mu tsallaka Courchevel mu ci abincin rana mu dawo, "ai ba komai ba ne, ina tare da kai". Kwari biyu fa za a tsallake. Zuwa lafiya lau. A dawowa ya ce lokaci ya ƙure, ya kai ni bakin wata jar hanya, wato mai wuya, da ta daskare kamar gilashi, ya ce in biyo shi. Na ga bayansa sau ɗaya, shi ke nan. Na faɗi, sandata ɗaya ta gangara, gwiwa ta murɗe, na sauko da mazaunai ina ja kamar jariri, yara 'yan shekara shida suna wuce ni a layi bayan malaminsu. Da na iso Mottaret, a kwarin Méribel, mai tsaron kujerun da ke haurar da mutane saman dutse yana jan igiyar rufewa. Na roƙe shi, ya nuna min agogo kawai, kuma gaskiyarsa ce. Na kira mutumin nan sau 5. Da ya ɗauka ina jin kiɗa a bayansa, wai ya ɗauka ina biye, wai in nemi tasi. Masaukina yana bayan dutsen nan da nake kallo, amma a mota sai an sauka har garin Moûtiers da ke gindin duwatsun a sake hawo wani kwarin. Na fi awa a tasi sanye da takalman roba masu nauyin tubali, wayata ta mutu don sanyi, kuɗin cefanen makon ya tafi. Na shigo ɗaki na same shi yana cin taliya, ya dube ni yana dariya ya ce "ka ga yanzu ka zama ɗan gari". Har yau muna gaisawa a sallar Idi, amma abin bai fita a raina ba. Ba kuɗin ba ne. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Don haka ka rubuta lokacin rufe kujerar ƙarshe da za ta mai da ka kwarinku, wajen 4 zuwa 4:30 yawanci ake fara rufewa, kuma ka kama hanyar gida tun 2:30. Méribel ce a tsakiya, wanda ya kwana can ya fi kowa sauƙi. In aljihu bai kai ba akwai Brides-les-Bains a ƙasa, motar igiya tana haurawa daga can tun gasar Olamfik ta Albertville a 1992, sai dai hawan da ɗan tsawo.

Ku sayi inshora tare da katin, Carré Neige suke ce mata. A Faransa in ka ji rauni aka ɗauke ka daga kan hanyar zamiya a gadon ceto da ake ja, kai za ka biya, kuma ba kaɗan ba. In da mota za ku zo daga Liyon, doka ce daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris ku kasance da tayoyin sanyi ko sarƙa, kuma ku koyi ɗaura sarƙar a ƙofar gida da rana, kada a fara koyo a gefen titi da daskararrun yatsu. Asabar kuwa hanyar Albertville zuwa Moûtiers cunkoso ne tun safe. Jirgin ƙasa zuwa Moûtiers sannan bas ya fi min kwanciyar hankali.

Af, abinci. Tartiflette, dankali da cuku, da naman alade ake yi, fondue kuma, narkakken cuku, da farar giya, kada kamannin cuku ya ruɗe ku. Ni yanzu da kilishi da yaji da shinkafata nake tafiya, in dafa a ɗaki. Ku duba kalanda ma, azumi yana faɗowa wajen Fabrairu a shekarun nan. Val Thorens mita 2300 ce, daren farko kai na iya sarawa, ku sha ruwa da yawa, ku shafa man rana ko da kuna ganin fatarmu ba ta ƙonewa, leɓena sai da ya tsage.

Ba ka faɗa mana ba, su abokan naka sun iya ne ko duk sabbin shiga ne? In akwai gwani a cikinku, ku yi magana tun a gida kan wa zai jira wa. Faɗa min matakin kowa da ranar da kuke son tashi, sai in gaya maka ƙauyen da ya fi dacewa ku sauka.