Bazoum kafin fadar shugaban ƙasa: amsa ga ɗana na Katsina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ɗana, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari ne masu zafin kai su gama tasu tukuna. Ka ce ba ka san Mohamed Bazoum, shugaban Nijar da aka hamɓarar, ba sai ranar da sojoji suka tsare shi, kana son jin abin da ya yi kafin ya hau mulki, kuma ko gaskiya ne duk maganarsa kan yaƙe-yaƙen Sahel Faransa ce ke sa masa a baki. Ni tsohon malamin makaranta ne, mushe kamar yadda ake kiran mu a nan. Na koyar a Damagaram da Gure da Maine-Soroa har na yi ritaya, kuma ban taɓa yankar katin jam'iyyarsa ta Tarayya ba. Abin da kunnena ya ji a rediyo da wanda idona ya gani a hanya, shi zan ba ka.

Shi ma daga alli ya fito. An haife shi a 1960 a jihar Difa, ya tashi a Tesker, Balarabe ne daga ƙabilar Awlad Sulaiman, waɗanda ba su da yawa a ƙasar nan. Ya karanta falsafa a Dakar, ya dawo ya koyar, ya shiga ƙungiyar malamai, daga nan shi da Mahamadou Issoufou da abokansu suka kafa PNDS-Tarayya a ƙarshen 1990. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka ba shi ƙaramin minista mai kula da hulɗa da ƙasashen waje a gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadou Cheiffou, yana da shekara 31 kacal. A 1995, zamanin gambizar da aka yi tsakanin shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou, ya zama cikakken ministan harkokin waje. Janar Bare ya kifar da su a Janairun 1996, bayan 'yan watanni Bazoum ya koma adawa, kuma a can ya kwashe kusan shekara goma sha biyar. Ka riƙe wannan, ya san juyin mulki tun yana matashi, ba a littafi ya karanta ba.

Da Issoufou ya ci zaɓe a 2011, Bazoum ya koma ma'aikatar harkokin waje a watan Afrilu, daidai lokacin da jiragen NATO ke ruwan wuta a Libiya. A nan ne zancen "Faransa ce bakinsa" ya fara karyewa, domin Faransar Sarkozy ce kan gaba a yaƙin, gwamnatin Yamai kuwa tana ta gargaɗi cewa in aka rusa Libiya ba tare da an tanadi abin da zai maye gurbinta ba, mu na kudu za mu kwashi tarkacen. Issoufou ya faɗa wa manyan ƙasashe haka a taronsu na Deauville da ke Faransa, ministansa kuma ya yi shekaru yana nanata cewa waɗanda suka ɓaro aikin su dawo su ƙarasa shi, don kudancin Libiya ya zama kasuwar makamai. Ɗan Gaddafi, Sa'adi, a Nijar ya samu mafaka a Satumbar 2011, ba a miƙa shi ba sai Maris na 2014.

Mu ba mu buƙaci wani ya fassara mana wannan gargaɗi ba. A wannan shekarar na tsaya a tashar Agadas da ke Damagaram na ga manyan motoci suna sauke 'yan cirani, kowa fuska fari fat da ƙura. Cikinsu har da wani tsohon ɗalibina da ya yi shekara shida yana aikin gini a Sabha. Abin da ya sauko da shi katifa ɗaya ce da akwatin talabijin da gilashinsa ya tsage a hanya. Gidansu mutum goma sha ɗaya ne ke ci daga abin da yake aikowa. Wannan su ne suka dawo hannu wofi. Waɗanda suka dawo da bindigogi yamma suka nufa.

Sai ga Mali ta faɗi a 2012: Kyaftin Sanogo ya yi juyin mulki a Maris, a Afrilu 'yan tawaye suka ce sun ɓalle da arewa, kafin a ankara masu iƙirarin jihadi sun ƙwace Gao da Tumbutu daga hannunsu. Yayin da wasu maƙwabta ke ta zancen sulhu, Bazoum yana cikin waɗanda suka fito fili suka ce waɗannan ba da baki za a fitar da su ba, sai da soja, kuma kowace rana aka ƙara sai sun ƙara kafuwa. Ya faɗi haka watanni kafin Faransa ta sauke sojojinta a Janairun 2013. Nijar ta tura nata, ta kuma biya kuɗin bakinta: 23 ga Mayun 2013 aka kai hari barikin Agadas da kamfanin yuraniyom na Arlit a rana ɗaya.

To, har nan ina tare da shi. Inda lissafina da shi ya fara cakuɗewa shi ne daga Afrilun 2016, da ya karɓi ma'aikatar cikin gida, wadda ya riƙe har tsakiyar 2020. Ministan waje baki ne aikinsa. Ministan cikin gida kuwa 'yan sanda da gwamnoni da sarakuna duk a ƙarƙashinsa suke, sanda ce a hannunsa.

Ya tarar da Difa cikin dokar ta-ɓaci tun Fabrairun 2015, bayan Boko Haram ta afka wa Bosso da garin Difa. An hana babur, an hana cinikin tattasai da kifi don kada kuɗin ya koma daji. Ba shi ya kafa dokar ba, ya gaje ta ne, amma wanda ya san bakin kogin Komadugu ya san tattasai shi ne albashin talaka a can, kuma an daɗe kafin a sassauta. Abin da zan yaba masa a nan shi ne, a ƙarshen Disambar 2016 ya je Difa da kansa ya yi shelar cewa duk ɗan Boko Haram da ya ajiye makami za a karɓe shi. Aka buɗe sansanin tubabbu a Gudumariya, ana koya musu ɗinki da kafinta da kanikanci. Na sha wucewa ta wurin a kan hanyar Damagaram zuwa Difa, kuma duk lokacin da mota ta zo daidai nan sai gardama ta tashi. Wata rana wata dattijuwa da ke kujerar bayana ta ce, "An yanka mini ɗa, wanda ya yanka shi ana ba shi shinkafa." Motar ta yi tsit har muka shiga Maine. Ba ni da amsar da zan ba ta, amma na san yaran da suka fito ta wannan ƙofa da ba don ita ba suna cikin tafkin Chadi har yau. Ka lura, mutumin da ya ce a yaƙi na Mali shi ne ya ce a karɓi tubabbun Difa, kuma da ya zama shugaban ƙasa, a Fabrairun 2022, ya faɗa da bakinsa cewa ya saki wasu daga kurkuku ya kuma aika manzanni wurin shugabannin 'yan bindiga. Ra'ayinsa shi ne mafi yawan yaran nan ba aƙida ta kai su ba, makiyaya ne da ba su taɓa shiga aji ba, aka ba su babur da bindiga.

Agadas ce ba zan iya wanke shi ba. Dokar hana safarar baƙin haure an yi ta a Mayun 2015, amma a zamaninsa aka soma aiki da ita gadan-gadan, Tarayyar Turai tana tafi tana zuba kuɗi. Da, kowace Litinin ayarin Hilux ke tashi zuwa Dirku, kan hanyar Libiya, da rakiyar soja, a fili. Aka kama direbobi, aka tsare motoci, tallafin da aka yi alkawari ya isa ga kaɗan. Tafiya ba ta tsaya ba, ta dai bar hanyar rijiyoyi ta koma inda in mota ta lalace ba mai gani. In kana neman wurin da za ka ce Turawa sun sa masa magana a baki, ga shi nan, ba a Libiya ko Mali ba. Sojoji sun soke dokar a Nuwambar 2023. Haka kuma a Maris na 2018, yana minista, aka kulle jagororin ƙungiyoyin farar hula irin su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika kan zanga-zangar dokar kasafin kuɗi. Shi Bazoum tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago ne fa, wanda shi ma ya san cikin kaso.

Maganar da aka fi tuna shi da ita ya yi ta ne a Paris, 9 ga Yulin 2021, yana tsaye kusa da Macron. Kan sojojin Mali yake magana, ma'anar abin da ya ce: bai kamata a bar soja su karɓi mulki don sun sha kashi a fagen daga ba, in kanar-kanar suka zama ministoci da shugabannin ƙasa, wa zai yi yaƙin a madadinsu? A ganina tambayar daidai ce, wurin yin ta ne ba daidai ba. Da a Yamai ya yi ta, ko a taron CEDEAO, wato ECOWAS, da ba a ɗaura masa ita a wuya ba. Bamako ta hasala, har a Satumbar 2022 Kanar Abdoulaye Maiga, firaministan riƙon ƙwarya na Mali a lokacin, ya hau mumbarin Majalisar Ɗinkin Duniya ya kira shi baƙo mai da'awar zama ɗan Nijar. Wannan zagi ya yi wa ko 'yan adawarmu zafi, duk da su ma sun yi irinsa lokacin zaɓen 2020.

Ranar 26 ga Yulin 2023 muna majalisarmu ta hira muna shan shayi labari ya zo cewa an rufe ƙofar fadar shugaban ƙasa. Ba daga iyakar Mali aka zo ba, Janar Tiani ne, wanda ke shugabantar masu gadin fadar tun 2011. Wani abokina, ɗan Tarayya na gani-kashe-ni, ya lalubo bidiyon nan na Paris a wayarsa ya kunna mana sau biyu, ba wanda ya tanka. Sai mai dafa shayin, yaro ne da bai wuce sa'anka ba, ya ɗago kai ya ce, "Mushe, shi da ya hango na Bamako, ya aka yi bai ga na ƙofar ɗakinsa ba?"