Amsa ga mai neman littattafan gwanjo kan tarihin matan Yahudawa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina aikin digiri na biyu kan addinai, kina neman tsofaffin littattafai masu sauƙin kuɗi a kan tarihin matan Yahudawa, kuma ba ki san ta inda za ki fara ba. Na daɗe ina sayen irin waɗannan, bari in faɗa miki abin da na gani.

Kasuwar gwanjon wannan fanni cike take da kayan Amurka da Turai: labarin matan da suka yi ƙaura zuwa New York, da na waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin Hitila. Su ne masu arha, don an buga su da yawa. Amma in ni ce ke, kuɗina na farko ba can zai tafi ba. Zan nemi juzu'i na 3 na A Mediterranean Society na S. D. Goitein, wanda ya fito a 1978 a kan iyali. Goitein ya gina shi ne kan takardun da aka taras jibge a wani ɗakin ajiya na majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra da ke Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, waɗanda Solomon Schechter ya kwashi mafi yawansu zuwa Jami'ar Cambridge wajen 1897. Yawancin wasiƙun da Larabci ne amma da haruffan Ibrananci, kamar dai yadda muke rubuta Hausa da ajami.

Abin da ke ciki zai ba ki mamaki saboda kusancinsa da abin da kika sani. Akwai jerin kayan ɗakin amarya, kowane zane da tukunya da kuɗinsa. Akwai takardun aure da amarya ta sa sharaɗin ba za a yi mata kishiya ba. Akwai fataken da ke barin takardar saki mai sharaɗi kafin su kama hanyar Indiya, don kada matar ta zauna ba aure ba saki in ba su dawo ba. Sai kuma Wuhsha dillaliya, wadda ta rayu wajen shekara ta 1100: ta tara dukiya, tana ba da rance, ta haifi ɗa ba a cikin aure ba har aka kore ta daga majami'a ranar babban azuminsu, duk da haka ta bar wasiyyar sadaka ga majami'u. Mata ne da suka zauna a tsakiyar Musulmi, suna kai ƙara har gaban alƙali in ta kama. Don aikinki wannan ya fi amfani nesa ba kusa ba.

A kula: aikin na Goitein juzu'i 5 ne da na fihirisa, kuma akwai taƙaitaccen bugu mai juzu'i ɗaya na 1999. Wani mai shago ya taɓa aiko mini juzu'in da ban nema ba, don hoton bangon iri ɗaya ya sa wa duka. Ki sa a ɗauko miki hoton shafin farko kafin ki biya.

Na biyu, tarihin rayuwar Glikl ta Hameln, 'yar kasuwar Hamburg da ta fara rubuta wa 'ya'yanta labarinta da Yidish, yaren Yahudawan Turai, a 1691 bayan rasuwar mijinta, ta rasu a Metz a 1724. Fassarar Marvin Lowenthal ta 1932 ita ce ta cika gwanjo, tana da daɗin karatu amma an rage ta. Don nishaɗi ta isa. In ambato za ki yi a kundi, ki nemi bugun Chava Turniansky da ya fito da Turanci a 2019, ko da ya fi tsada.

Littafin da Judith Baskin ta tattara, Jewish Women in Historical Perspective, shi ne taswirar fannin gaba ɗaya. Bugu na biyu na 1998 za ki saya, ba na 1991 ba. Kundin bayanan Paula Hyman da Deborah Dash Moore na 1997 kan matan Yahudawan Amurka kuwa kada ki wahalar da aljihunki, juzu'i biyu ne masu nauyi, kuma shafin Jewish Women's Archive yana da babban kundin bayanai kyauta a intanet.

Wajen saye, shafukan intanet na AbeBooks da eBay da Better World Books nake dubawa, da ISBN, wato lambar shaidar kowane bugu, ba da suna ba. Waɗanda ɗakunan karatu suka sallama su na fi so: hatimi a gefe, leda a bango, amma ciki fes, ba kamar na ɗalibai da aka ja wa layi da biro ba. Kuɗin aikowa Najeriya sau da yawa ya fi kuɗin littafin, don haka ki tara guda uku ko huɗu a adireshin wani ɗan'uwa a Ingila ko Amurka, mai dawowa gida ya riƙo miki. Kafin nan ki leƙa Internet Archive, ɗakin karatu na intanet, ki ga ko babin da kike buƙata yana ciki ma.

In kin faɗi ƙarnin da kundinki ya tsaya a kai, zan ƙara miki sunaye. Allah ya ba da sa'a.