Shin tauraro yana ba da alama kafin ya tarwatse?

Tambaya: Na ji an ce tauraron Betelgeuse ya dusashe a 2019, har aka yi ta cewa ya kusa fashewa. Me ke faruwa a cikin babban tauraro gab da ƙarshensa, kuma ana iya gane lokacin? Daga wani malamin firamare a Zariya.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Dusashewar gaskiya ce, daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020, amma ƙura ce tauraron ya fesar, ta tare mana haskensa. Da ta washe sai ya dawo yadda yake.

Ainihin aikin can ciki yake, inda ido ba ya kaiwa. Tauraron da ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye yana haɗe ƙananan sinadarai su zama manya, zafin da ke fitowa kuma shi ke hana nauyinsa ya danne shi. Tokar wutar farko ita ce itacen ta biyu. A tauraro mai nauyin rana 25, ƙona haidurojin kan ɗauki shekara kusan miliyan 7, hiliyum bai kai miliyan ɗaya ba, kabon 'yan ɗaruruwa, oksijin wata shida, silikon kuwa yini guda. Wannan gaggawar har yau tana girgiza ni. Dalilinta, daga matakin kabon, ƙwayoyin niyutirino, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ratsa kusan komai, ke sulalewa da ƙarfin wutar, dole tauraron ya ƙara ci don kada ya rufta. Da an kai ga ƙarfe, shi ke nan, domin haɗa ƙarfe cin zafi yake yi, ba ya bayarwa. Cibiyar sai ta rufta kafin daƙiƙa ɗaya ta cika.

Duk wannan, fuskar tauraron ba lallai ta nuna ba. Masana sun daɗe suna zaton jajayen ƙattan taurari irin Betelgeuse ne ke fashewa, sai ga shi ranar 23 ga Fabrairu 1987 wani shuɗin ƙaton tauraro ya tarwatse. Na'urar Kamiokande a Japan ta kama niyutirinonsa sa'o'i kaɗan kafin a ga hasken, kuma a ganina irin wannan gargaɗin ne abin dogaro. Wasu taurarin kan yi ta zubar da iskarsu a shekarun ƙarshe, kamar wanda Koichi Itagaki, wani mai sha'awar kallon taurari ɗan Japan, ya hango fashewarsa a Mayun 2023, amma bayan fashewar aka tabbatar.

Betelgeuse zai fashe, galibin masana na cewa cikin shekara 100,000. Nisansa ya haura tafiyar haske ta shekara 500, don haka ka kwantar da hankalin ɗalibanka, ba zai cutar da mu ba.