Tambayi Likita: Ma'aikatan Jinya Da Kariyar Kai Lokacin Annoba

Likita, ni nas ce a sashen taimakon gaggawa, daga Jega. Da zarar zafi ya kama sai a riƙa kawo mana masu sanƙarau, wasu a sume, wasu suna fizge-fizge. Ta yaya zan tsare kaina alhali ba a ma san cutar ba tukuna?

Sannu da aiki, 'yar'uwa. Kin taɓo inda gizo ke saƙa, domin haɗarin yana cikin mintocin farko ne, kafin sakamakon gwaji ya fito. A Kabi ba baƙon abu ba ne, ko a 2025 sai da sanƙarau ya ɓulla a Gwandu da Aliero da Jega. Saboda haka daga sanyin hunturu har faɗuwar damina, duk mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya ki ɗauka sanƙarau ne, ki sa takunkumi tun kafin ki isa gadonsa.

Ƙwayar cutar tana bin feshin tari da atishawa da majina ne, kuma ba ta cika wuce tazarar mita ɗaya ba. Takunkumin asibiti na yau da kullum ya wadatar. Inda aka fi kamuwa shi ne wajen zuƙe majina ko zura bututun numfashi, fuska dab da fuska. A nan ki ƙara da gilashin kare ido. Idan majina ta fantsamo miki ba takunkumi, kada ki jira alama, ki sanar da likita a ranar, akwai maganin rigakafi irin su ciprofloxacin da ake sha sau ɗaya. Marar lafiya kuwa, in ya yi awa 24 a kan allurar ceftriaxone, ya daina yaɗawa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne safar hannu guda tun safe har azahar, a taɓa wannan gado, a taɓa wancan, a ɗauki waya, a gyara ɗankwali. Wannan safar ta zama dillaliyar cuta. Kowane majinyaci da tasa, kuma bayan cirewa a wanke hannu: daƙiƙa 40 zuwa 60 da sabulu, ko 20 zuwa 30 da man tsabtace hannu. Ki kuma tambayi allurar rigakafin sanƙarau ta Men5CV, wadda Najeriya ce ta fara amfani da ita a duniya a 2024.

Matata ma'aikaciyar jinya ce a Argungu, muna da ƙananan yara. In raba mata ɗaki har annobar ta wuce?

A'a, Malam, abin bai kai nan ba. Ta bar kayan aiki da takalmi a wurin aiki ko ta ƙulle su a leda, ta yi wanka kafin ta ɗauki yaro. In ta ji zazzaɓi, sannan ta keɓe kanta ta je a duba ta.

Ni ɗalibin jinya ne a Birnin Kebbi. Allurar da na yi wa mai zazzaɓi ta soke ni, na ɓoye don kada a yi mini faɗa. Yanzu tsoron zazzaɓin Lassa nake.

Ɗana, faɗan ya fi sauƙi. Ka je ka faɗa yau, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, ga kuma batun ciwon hanta nau'in B. Game da Lassa, a binciki majinyacin, kai kuma ka riƙa auna zafin jikinka har kwana 21. Tsoronka na da tushe: lokacin da aka gano cutar a 1969 a garin Lassa na Borno, ma'aikatan jinya ta fara kamawa. Nan gaba, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana, ban da tsotsa ko matsawa. Kuma ka daina mayar wa allura marfi, sau da yawa nan ake sokewa. Jefa ta kwalin allurai kai tsaye.

Ruwan bilic nawa za mu zuba wajen goge jini da amai?

Duba jikin kwalbar. In 3.5% ce, awo ɗaya na bilic, awo shida na ruwa, shi ne 0.5%. Na wanke hannu kuwa, awo ɗaya na wannan haɗin a cikin awo tara na ruwa. A haɗa sabo kullum a rufe, domin rana da zafi suna kashe ƙarfinsa. Kashi da aman mai kwalara sun fi buƙatar mai ƙarfi, 2%.