Prado tana dukan giya bayan tafiyar rairayi: a sauke giyar?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya. Ina da Prado ƙirar 2007, injin fetur V6, atomatik mai giya biyar, ina bin rairayin Gashuwa zuwa Yusufari da ita. Da safe lafiya lau, amma da ta yi zafi sai inji ya yi ƙara tsakanin giya biyu da uku, sannan ta shiga da duka. Bakanike ya ƙara jan mai lita biyu, abin ya ƙaru. Yanzu ya ce a sauke giya. Hankalina a tashe yake, da ita nake neman abinci.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka bari a kwance ko noti ɗaya tukuna. A fara sa mata kwamfuta. Idan lambar matsala P2714 ta fito, solinod ɗin SLT mai daidaita ƙarfin mai ake zargi, kuma ta ƙasa ake kai masa, ba sai an sauke giya ba.

Amma abin da ya fi damuna lita biyun nan ne. Wane mai aka zuba, kuma da me aka auna? Maganar "jan mai duk ɗaya ne" ta kashe giya ba adadi. Ja rini ne kawai. Giyar motarka A750F ce, Toyota ATF WS take sha, mai ruwa-ruwa. Dexron III da ake zuba wa kowace mota ya fi shi kauri, santsinsa a kan farantan kuloci ma daban ne. Sannan wannan giya ba ta da sandar awo, to ta yaya mutum ya san mai ya ragu? Idan ya yi yawa, ƙarafan ciki su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse kuloci. Sai kulocin ya riƙa zamewa yana ƙonewa, wanda ya zuba man ya dawo ya ce giya ta mutu. Haba! Giya ba tukunyar miya ba ce da za a ƙara ruwa da ido.

A tsiyaye man a duba. Juyewa ɗaya lita uku zuwa huɗu take fitarwa cikin sama da goma, don haka a maimaita sau uku, ana ɗan tafiya a tsakani. Wajen awo, mota ta tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, inji na aiki, zafin mai tsakanin digiri 46 da 56 a kwamfuta, a buɗe notin awo na ƙasa har zubar ta koma siririya.

Idan man ya fito kamar madara, ruwa ya shiga, ta lagireto ko wajen ƙetare rafi. Idan baƙi ne mai ƙauri, ga ɓarɓashin ƙarfe a maganaɗisun ƙasan giyar, to kuloci ya tafi, a nan bakanikenka ya yi gaskiya.

A rairayi mai zurfi kuma ka daina barin ƙaramar sandar giya (mai H da L) a H kana danna totur, nan zafin yake taruwa. Ka tsaya, ka sa N, ka mayar da ƙaramar sandar L, wato giyar ƙarfi. Idan fitilar A/T OIL TEMP ta kama, ka sa P ka bar inji na aiki har ta mutu.